Oshogbo da Ile-Ife: Abin da Idona Ya Gani a Zauren Babalawo

Wani abokina da ke koyar da nazarin al'adun al'umma a jami'a ne ya ja ni tafiyar nan zuwa ƙasar Yarbawa, don ganin Ifa, wato duban gargajiyarsu. Bincikensa a kan duba ne, wato yadda kowace al'umma ke ƙoƙarin leƙa gobe, wasu ta taurari, wasu ta yashi, wasu ta wuri. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ni ɗan kallo ne, ba mai duba mini komai, don hadisin nan na rashin karɓar sallar kwana 40 ga wanda ya je ya tambayi boka ba abin wasa ba ne.

Hanya lafiya lau har muka wuce Ilori. Can wani mai kaki ya tsare mu a shinge, ya zazzage jakar abokina a bakin kwalta. Da ya ga rakoda da takardu cike da ɗige-ɗige sai ya ɗaga murya: "Malam, asiri za ku je yi wa wa?" Katin aiki bai karanta ba, bayani bai saurara ba, sai da direba ya ja shi gefe suka gaisa sannan asirin namu ya zama ilimi.

A Sabo, unguwar Hausawa ta Oshogbo, muka sauka, gidan wani Alhaji mai fataucin goro wanda a nan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Da muka ambaci otal sai ya ɓata rai. "Haba Malam, ina raye?" Ya ba mu ɗaki, ya kuma haɗa mu da ɗansa ya zama tafinta, ya ja mana kunne cewa dattawan nan masu duban Ifa, wato babalawo, ba a faɗa musu kai tsaye, sai da gaisuwa da ɗan abin hannu.

Da muka je wajen babalawon, na zaci zan tarar da ɗaki mai duhu da layu rataye. Sai ga tsoho cikin fararen kaya zaune kan tabarma, wayarsa na caji a gefe. Gabansa faranti ne na katako, kewaye da sassaƙa, a goshinsa fuskar Eshu, ɗaya daga cikin ababen bautar Yarbawa, an barbaɗa masa wani gari rawaya-rawaya. Wata mata ta shigo, ta durƙusa, ta kai kuɗi bakinta ta yi musu raɗa, ta ajiye. Ba ta gaya wa Baba abin da ya kawo ta ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ɗebi ƙwallayen kwakwar manja 16 a hannun hagu, ya cafe da dama. In ɗaya ta rage ya ja layi biyu a garin, in biyu suka rage ya ja layi ɗaya. Sau takwas ya yi haka, aka samu sahu biyu, kowane da zane huɗu. Wannan shi ne odu, kuma guda 256 ne, wato 16 sau 16.

Daga nan ya fara rero baitocin odun da ya fito da ka, labari bayan labari: wane ya zo da matsala kaza a zamanin da, aka ce ya yi sadaka kaza, ya yi ko ya ƙi, ga yadda ta ƙare. Matar na sunkuye. Can ya shiga wani labari sai ta ɗago kai, ta yi magana. Abokina ya taɓa ni. Ya ce abin da wani masani Ba'amurke, William Bascom, ya rubuta ke nan a littafinsa na 1969, cewa mai neman duba shi ke tsinto baitin da ya dace da damuwarsa. Ni dai abin da na gani hadda ce mai ban tsoro da kuma iya sauraro. Yaron da ke koyo a gefensa ya yi shekaru yana tilawa, Baba ya ce har yanzu bai kama hanya ba. Ba mamaki UNESCO ta sa Ifa cikin gadon al'adun duniya a 2005.

Tun yana jan layukan nake tuna bugun ƙasa na wajenmu. Malamin duba ma ɗigo yake yi a yashi, ya soke bibbiyu, mara ya ba da ɗaya, cika ya ba da biyu, gidaje 16 cif. Bambancin, namu ya biyo littattafan Larabci irin na Zanati, yana jingina gidajen da taurari, har Ibn Khaldun ya yi masa raddi tun ƙarni na 14. Baba kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga kai sama ba. Abokina ya ce masana na ta jayayya kan ko ɗaya ya samo daga ɗaya, tunda har a Madagaska akwai sikidi mai siffofi 16. Wani bambancin kuma, a wajenmu da dare ake zuwa, a ajiye mota nesa. Nan da rana tsaka ake layi, har da mai hijabi da mai sarƙar gicciye.

Ladabi kam sai Yarbawa. Saurayi da kwat zai zube rub da ciki gaban tsoho ba ya duba ƙura. Amma a kasuwa ladabin bai hana su yanka baƙo. Abokina ya taya irin farantin nan, mai shi ya faɗi kuɗin da sai da na ce, "Mama, da babalawon za a haɗa mana?" Ɗan Alhaji na sa baki da Yarbanci kuɗin ya faɗo ƙasa da rabi. Masu acaɓa ma haka, da sun ji Hausa sai kuɗi ya tashi.

A Oshogbo mun leƙa kurmin Oshun, wurin bautar gargajiya, inda gumakan Susanne Wenger, 'yar Ostiriya da ta rasu a garin a 2009, ke tsaye cikin itatuwa, birai na bin mutane. A Ile-Ife mun ga Oke Itase, cibiyar masu Ifa, da doguwar sandar dutse ta Oranmiyan, wani sarkin Yarbawa na zamanin da, muka zaga jami'ar da Wande Abimbola, masanin baitocin Ifa, ya taɓa shugabanta. Ibadan kwana kawai muka yi, ruwa ya hana mu fita, da asuba muka kama motar Arewa.