Yaron da aka ceto daga hannun masu fatauci, ina za a mayar da shi?

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin Sahara, arewa da garin Arlit, dab da iyakar Nijar da Aljeriya. Hamsin da biyu daga cikinsu yara ne, 33 kuma mata. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace a hanyar garin Tamanraset na Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, inda tafiya Aljeriya bara da ƙananan yara ta daɗe da zama sana'a, har ta kai mace kan karɓi ɗan maƙwabciyarta aro ta tafi da shi, bisa alkawarin aiko wa uwar wani abu daga abin da aka samu. Babu wanda ya tsallaka katanga ya saci waɗannan yara, da sanin gida aka fita da su.

Abin da ya sa na fara da wannan shi ne, mu a nan idan aka ce fataucin yara, ɓarawon yara muke hangowa. A 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yaran Kano da aka sace aka kai Onitsha aka sayar, gari ya ɗauka, kuma ya cancanci ya ɗauka. A 2021 wata babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Amma fataucin da ya fi cin yaranmu ba ya zuwa da ihu. Da sallama yake shigowa gida, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa.

Duk wanda ya zauna a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san dillaliyar 'yan aiki. Takan je ƙauye bayan kaka ko kuma lokacin da rumbu ya fara ƙasa, ta zauna da uwar yarinya ta ce, "Yaya, ki ba ni ita, gidan mutanen kirki zan kai ta, kafin aurenta ya zo kin haɗa kayan ɗaki." Yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba sai ta ɗaure zanenta biyu a leda ta bi ta tasha. A birni ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshe kwanciya, a ɗakin girki ko a bakin ƙofar yaran gida. Kuɗin wata ba hannunta yake shiga ba, dillaliya ke karɓa ta cire rabonta, kuma da zarar wani gida ya yi tayin da ya fi, sai ta ɗauke ta ta sauya mata wuri ba tare da iyayen sun san unguwar da take ba. Idan an dake ta, ko wani namiji a gidan ya lalata ta, ba ta san hanyar tasha ba, balle ta san wanda za ta gaya wa.

Doka dai akwai ta. A Najeriya an kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, a 2003, aka sabunta dokarta a 2015, kuma dokar ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Nijar ta yi tata dokar a 2010, ta kuma buɗe gidan farko na gwamnati don karɓar waɗanda aka yi fataucinsu a Damagaram a 2019, da tallafin hukumar ƙaura ta duniya, IOM. Irin waɗannan gidaje suna da amfani ƙwarai, domin yaron da aka karɓo daga hannun mai fatauci yana bukatar wurin da zai kwana ba tare da fargaba ba, likita ya duba shi, a samu mai haƙurin da zai saurare shi har ya iya faɗin sunan ƙauyensu. Sai dai zaman na ɗan lokaci ne. A gidajen NAPTIP yawanci makonni shida ne, daga nan a nemi dangi a miƙa shi.

A nan ne nake ganin aikin ke warwarewa. Idan yunwa da kuɗin kayan ɗaki ne suka fitar da yarinya daga gida, aka dawo da ita ta tarar da rumbun yadda ta bar shi, ba a yi komai ba sai tsawaita wa dillaliya hanya. An ga haka a fili bayan da Aljeriya ta fara mayar da 'yan Nijar gida a ƙarshen 2014: ana sauke mutane a motoci, wasu na huta gajiya su sake komawa, a 2022 kuma sai ga gwamnatin Nijar tana kwaso mata da yara masu bara daga birnin Dakar a jirgi. Ceto da ba a biyo shi da wani abin da zai riƙe yaro a gida ba kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Abin da na ga yana riƙe yaro shi ne makaranta, amma makarantar da ke aiki. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi, sai dai uwar da ke ƙauye ba doka take kallo ba, tana kallon ko malami na zuwa, ko za a ce ta kawo kuɗin tsintsiya da alli, ko yaron zai dawo da azahar da yunwa. Shi ya sa shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, duk da ƙorafin da aka yi kan yadda aka tafiyar da shi, ya fi wa'azi tasiri, domin kwano ɗaya na abinci yana rage wa gida baki ɗaya. Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba: yaron da sunansa ke cikin rajistar aji, idan ya ɓace mako guda, akwai wanda zai lura ya tambaya. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ba shi a rajistar kowa, zai iya yin shekara a wani gari ba tare da an yi cigiyarsa ba.

Ba na kuma ganin gina gidajen marayu ne zai raba mu da matsalar, tunda mafi yawan yaran nan iyayensu na raye. Riƙo al'adarmu ce, kuma mutane da yawa da suka zama wani abu a hannun gwaggo ko kawu suka tashi. Abin da ya ɓata shi kuɗi ne da rashin bibiya. Da za a ce duk yaron da zai bar ƙauye da sunan riƙo ko aikatau sai maigari ya rubuta sunan wanda ya karɓe shi da unguwar da za a kai shi, mai unguwar can kuma ya tabbatar an sa shi makaranta, da dillaliya da yawa sun canja sana'a. Tallafin da ƙungiyoyi ke kashewa a taron bita a otal, da an mayar da shi jarin awaki ko na ƙuli-ƙuli ga iyaye mata, da sharaɗin 'ya'yansu su zauna a aji, da ya fi kai wa inda ciwon yake.

Sauran alhakin yana kan gidajen da ke karɓar yaran, waɗanda yawanci gidajen ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu ilimin boko da na addini, masu biya wa nasu 'ya'yan makarantar kuɗi. Uwargidan da ta ce a nemo mata ƙarama saboda "ta fi jin magana kuma ta fi araha" ita ce kasuwar da dillaliya ke yi wa safara, kuma ita ma dokar 2015 ta hau kanta idan yarinyar ba ta kai shekara 12 ba.