Aikin buga rahoton likita a Jidda, yanzu inji ya shigo mana

Wanda ya zo Jidda zama, ba umara ba, abin da zai fara ganewa shi ne iƙama, wato katin izinin zama, ita ce komai, ba layin waya ba asusun banki sai da ita, kuma tana ɗaure da aikinka da kafil ɗinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki ya tsaya maka. Shi ya sa maganar aiki a nan ba ta albashi ba ce kawai, maganar zamanka ce a ƙasar gaba ɗaya.

Ni daga Kano na zo, wani asibitin kuɗi ya ɗauke ni buga rahoton likitoci, don a nan da Turanci ake rubuta fayil ɗin mara lafiya. Likita ya yi magana an naɗa, ni kuma in sa abin ji a kunne, ƙafata kan feda ina tsayarwa ina maidowa baya ina bugawa. Wallahi farkon zuwana kunnena ya sha wuya, Turancin ɗan Masar daban na ɗan Indiya daban, ga ɗan Sudan yana haɗawa da Larabci kuma duk sauri suke. A lokacin in an tashi sai mu haɗu da 'yan uwa wajen unguwar Karantina mu ci ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, dattawanmu da aka haifa a nan su suka koya min Larabcin kasuwa, Allah ya saka musu.

To yanzu abin ya canza. Likita na magana kwamfuta na rubutawa nan take cikin fayil, da manhajoji irin su Dragon na kamfanin Nuance da Microsoft ya saya a 2022. Bugawa ta ragu sosai, mu gyara muke yi, kuma gaskiya gyaran ya fi bugawa cin rai don injin in ya yi kuskure tsaf yake rubuta shi babu alamar shakka. Na ga inda likita ya ce 15 injin ya rubuta 50 a ma'aunin magani, rai fa ake magana, ran wani. Amma manaja shi lissafinsa daban, aikin mutum da yawa yanzu kaɗan ke yinsa, ga tsarin Nitaqat tun 2011 da ke tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, ka san in za a rage wa za a fara kallo.

Wani abokin aikina ya ce min Malam ka koma lambobin cuta tun da wuri, na ji shawararsa. Kowace cuta da lambarta a wani kundi da ake kira ICD-10-AM, da ita asibiti ke karɓar kuɗi wajen inshora ta Nphies, dandalin intanet da ake tura takardun neman biya, lamba ɗaya ta kauce su dawo da takarda. Kullum bayan isha'i karatunsa nake.

Ƙannena na gida masu kashe kuɗi a koyon taifin kawai saboda su zo nan, don Allah ku haɗa da sunayen magunguna da sassan jiki da waɗannan lambobin kafin ku biya wa kowa kuɗin biza.