Tambayoyin da Muke Yi wa 'Yan Wasa Mata: Shawara ga Matasan Wakilan Wasanni

Ƙannena da kuke shiga aikin labarin wasanni a wannan zamani, ko a gidan rediyo kuke ko kuna da shafinku a Facebook da TikTok, kun samu sauƙin da mu ba mu samu ba, domin wayar da ke aljihunku ta haɗa aikin rakoda da kyamara da situdiyo gaba ɗaya. Sai dai akwai wata ɗabi'a da muka bar muku gado wadda nake ganin kuna ɗaukarta ba tare da kun lura ba, wato bambancin da ke tsakanin tambayar da ake yi wa namiji idan ya fito daga fili da wadda ake yi wa mace. Na daɗe ina wannan aiki a Jihar Kebbi, daga filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi zuwa filayen makarantu a Argungu da Jega da Zuru da Yawuri, kuma rabin farko na wannan zama na yi shi ne a kan wannan kuskure.

Idan na tare ɗan dambe bayan ya yi kisa, ba na rasa abin tambaya. Zan tambaye shi me ya sa ya ja da baya a turmin farko, ina ya hango raunin abokin karawarsa, wane ne a ɓangaren Kudu ko Guramaɗa yake jin zai iya tsaya masa. Idan ɗan ƙwallo ne, zan nemi jin dalilin da ya sa koci ya mayar da shi gefen hagu bayan hutun rabin lokaci. Amma da zarar aka ce ga yarinyar da ta ci tsere ko ta jagoranci ƙungiyarta a ƙwallon hannu, sai bakina ya koma wata hanya dabam: iyayenki sun san kina wannan? Ba kya tsoron samari su guje ki? Idan kin yi aure za ki daina? Har ma nakan ƙara da zolayar ko ta iya tuƙa tuwo, ina dariya, ina ganin na sa wa shirin armashi. Ban taɓa tambayar wani ɗan kokawa ko matarsa ta amince da sana'arsa ba, kuma da na yi, da shi da masu sauraro duk za su ɗauka na zautu.

A wata gasar makarantun sakandare, wata ɗaliba ta ci tseren mita 400 da tazara mai yawa. Na miƙa mata makirufo tana haki, na yi mata tambayar aure. Kunya ta kama ta, ta yi dariya, ta ba da amsar yarinta wadda ba ta auna ba, ni kuma na saka muryar a shirin yamma kamar yadda take, saboda a ganina ita ce wurin da ya fi daɗi a duk hirar. Maganar ta zaga unguwarsu, aka ƙara mata gishiri, ta kai kunnen baffanta, kuma daga wannan zangon karatu ba ta sake sa ƙafa a fili ba. Malamin wasanninsu ne ya ba ni labari daga baya, kuma bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce: "Malam, ka san daƙiƙa nawa ta yi?" Ban sani ba, domin ban tambaya ba. Magana zarar bunu ce, kuma a garuruwanmu, inda ake wa ɗiya mace hisabi a kan kowace kalma, tambayar da kai ka ɗauka raha ce tana iya zama ƙarshen wasan wata.

Da na zauna na duba kaina, sai na ga tushen abin lalaci ne wanda na yi wa rigar al'ada. Tambayar aure ba ta bukatar shiri, kowa zai iya yin ta ko bai kalli wasan ba. Tambayar wasa kuwa sai ka zauna tun daga farko ka rubuta abin da ka gani, sai ka san tarihin wanda za ka tattauna da shi. A lokacin ina iya karanto teburin gasar Firimiya ta Ingila da ka, amma ban san sunayen 'yan wasan Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Nijeriya, ko biyar ba. Ga shi kuwa matan nan sun ɗauki kofin nahiyar Afirka sau 10, alhali Super Eagles sau 3 suka ɗauka, a 1980 da 1994 da 2013. A wasan ƙarshe da aka buga a Rabat a watan Yulin 2025, Moroko mai masaukin baƙi ta sa su a baya da ci 2 kafin hutu, suka dawo suka ci 3, ƙwallon nasara daga ƙafar Jennifer Echegini. Wanda ya kalli wannan wasa yana da tambayoyin da za su cika shiri guda: me koci Justin Madugu ya sauya a hutun, yaya Esther Okoronkwo ta riƙa samun sarari, me kyaftin Rasheedat Ajibade ta faɗa wa abokan wasanta. Asisat Oshoala ta zama gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka sau 6, Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, ƙungiyar D'Tigress ta matan Nijeriya kuma ita ce ta farko daga Afirka, maza da mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik, a Faris a 2024. Duk wanda ya tsaya gaban irin waɗannan ya rasa abin tambaya sai girki, to bai yi aikin gida ba.

Rashin shirin nan yana sa mu shafe mata daga tarihi ba da gangan ba. Na sha faɗa a iska cewa su Nwankwo Kanu ne suka fara kawo wa Nijeriya lambar zinare a Olamfik, a Atlanta a 1996. Ba haka ba ne, domin Chioma Ajunwa ta riga su da kwana ɗaya, ta ci zinare a dogon tsalle da mita 7.12 ranar 2 ga Agusta, aka buga wasan ƙarshe da Ajantina washegari. Irin wannan mantuwa ce ɗan wasan tanis Andy Murray ya gyara wa wani ɗan jarida a 2016 a Rio, lokacin da aka ce shi ne na farko da ya ci zinare biyu a tanis na Olamfik, ya tuna masa cewa Venus da Serena Williams kowace tana da wajen huɗu. Don haka kafin ka furta "na farko a tarihi", ka tsaya ka duba ko tarihin maza kaɗai ka ƙirga.

Kada ku ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai, kada kuma ku ɗauka kwaikwayon Turawa zai raba ku da ita. A 2018, a daren da Ada Hegerberg ta ƙasar Norway ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Ballon d'Or, mai gabatarwa ya tambaye ta a kan dandamali ko ta iya wata rawar girgiza ƙugu, ta ce a'a ta juya. A 2015, a gasar tanis ta Ostireliya, an nemi Eugenie Bouchard ta juya a gaban 'yan kallo don a ga kayan da ta sa, bayan ta gama cin wasa. Su suna karkata ga jikin mace, mu muna karkata ga aurenta, amma a duka biyun abin da ta zo yi ya ɓace. Batun hijabi ma haka yake. Lokacin da Nouhaila Benzina ta Moroko ta zama ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya da hijabi a 2023, labari ne da ya cancanci a ba da, tunda sai a 2014 aka ɗage haramcin rufe kai a dokokin ƙwallon ƙafa. Amma mai tsaron baya ce a ƙungiyar da ta doke Koriya ta Kudu da Kolombiya ba a zura mata ƙwallo ba, kuma wannan ma abin tambaya ne. 'Yan matanmu na Kebbi da yawa da hijabi da dogon wando suke shiga fili. Idan ka mayar da suturarsu ita ce kan labari, ko da yabo kake yi, ka sake barin wasan a gefe.

Wurin da ma'auni biyu ya fi fitowa fili shi ne rikicin alawus. A 2013 'yan Super Eagles sun ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa Burazil saboda kuɗinsu, a 2014 kuma suka ƙaurace wa atisaye a tsakiyar gasar cin kofin duniya, ni da bakina na kira wannan neman haƙƙi. Da 'yan Super Falcons suka ƙi barin otal a Abuja a 2016, bayan sun ɗauko kofi daga Kamaru ba a biya su ba, sai na bar masu bugo waya suna cewa su gode wa Allah da aka bar su suna wasan ma, ban tanka ba. Bashi ɗaya ne, hukumar da ake bi ɗaya ce, kuma wanda ke riƙe da shiri yana da alhakin abin da ya bari ya wuce.

Bayan na gane kuskurena na farko, sai na faɗa na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa saboda yana kama da kirki. Na koma tausayi da yabon da ya wuce kima, kowace tambaya sai na fara da "duk da kasancewarki mace", kuma idan ƙungiyar mata ta sha kashi sai in ce sun yi ƙoƙari in rufe zancen. Wata mai horar da ƙwallon raga ce ta nuna mini cewa wannan ma raini ne, domin yana nufin ban ɗauki wasan da muhimmancin da zai sa in yi sukarsa ba. A 2023, lokacin da Ingila ta fitar da Nijeriya daga gasar cin kofin duniya ta mata a bugun fenariti, an ba Lauren James ta Ingila jan kati gab da cikar minti 90, Ingila ta buga ƙarin lokaci da mutum goma, amma Nijeriya ba ta ci ba. Tambayar me ya hana amfani da wannan dama tambaya ce mai zafi, kuma girmamawa ce a yi ta, kamar yadda za a yi wa maza.

Wannan ba ya nufin ku yi watsi da kunya da mutuncin da muka taso da su, a'a, su ne ma za su taimake ku. Idan ɗaliba ce, ku bi ta hannun malamarta ko malamin wasanni, ku tabbata gidansu sun san za a ji muryarta. Ku bari numfashinta ya dawo, ku gaya mata abin da za ku tambaya kafin ku kunna waya, kuma idan ta yi shiru ku jira, kada ku juya makirufo ga koci ya amsa a madadinta kamar yadda na saba yi. Ku kira ta da sunanta da wasanta da sakamakonta, ku bar "kyakkyawar budurwa" a inda kuka same ta. Hoto da bidiyo ku nuna mata kafin ku ɗora, kuma abin da mutane za su rubuta a ƙarƙashinsa ku sa masa ido, ku goge na batsa, tunda shafin naku ne. Idan ita da kanta ta kawo maganar gida, ta ce mahaifinta ne ke kai ta atisaye ko mijinta ne ke riƙe mata yaro, to ta buɗe ƙofa, ku shiga a hankali.

Akwai kuma tambayoyin da suka shafi kasancewarta mace waɗanda lallai a yi su, sai dai ba ita za a yi wa ba. Ko filin yana da ɗakin da mata za su sauya kaya, ko akwai mace cikin jami'an da ke raka tawaga zuwa Gasar Wasanni ta Ƙasa, ko alawus ɗin 'yan mata ya yi daidai da na samari, ko an ba su lokacin atisaye ban da tsakar rana da maza suka bari: waɗannan na shugaban makaranta ne da jami'an wasanni, kuma ofisoshinsu za ku ɗauki makirufo ku je.