Yadda na toshe wa sparse baki da __force, na sha wuya

Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Wani ɗan direba (manhajar da ke sarrafa kayan na'ura) nake rubutawa a kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, na wani katin karɓar bayanai a wurin aikinmu, ba wani babban abu ba. Sai na ce bari in buga make C=1 in ga me sparse, manhajar da ke duba kurakurai a kod ɗin kanel, zai ce, tunda tun 2003 Linus Torvalds ya rubuta shi ake ta yabonsa. Gargaɗi ya zubo kamar ruwan Agusta, amma yawanci na kalmar static ne da na manta ban saka a kod ba, minti goma na share su. Guda ɗaya ne ya kafe: "incorrect type in argument 2 (different address spaces)", daidai kan layin memcpy ɗina (mai kwafar memori kai tsaye) a cikin ioctl, inda direba ke karɓar umarni daga mai amfani.

Ni kuma na ce haba, ai na riga na yi copy_from_user (amintacciyar hanyar kwafo bayanai daga mai amfani) a sama, me kuma yake so? Na ɗauki __force, alamar da ke ce wa sparse ya kau da kai, na manna, ya yi shiru, na tafi cin abinci ina jin kaina gwani.

Ashe struct ɗin (ƙunshin bayanai) da na kwafo akwai wani foyinta (adireshin memori) a cikinsa mai __user, alamar cewa memorin na mai amfani ne. Adireshin gidan kawai na kwafo, kayan suna can ɓangaren mai amfani, ni kuma na sa hannu kai tsaye. A tsohuwar laftof ɗina mai firosesar Intel Ivy Bridge lafiya lau yake aiki, don ba ta da SMAP, kariyar da ke hana kanel taɓa memorin mai amfani kai tsaye, sai daga firosesar Broadwell Intel suka kawo shi. Ranar da aka ɗora direban a sabuwar na'ura sai kanel ya kife. Kwana uku ina zargin katin, ina zargin waya, har wutar ofis na zarga, alhali dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya rubuta ƙarara "supervisor read access in kernel mode" da "permissions violation", ni ne dai idona ya rufe. Kwana uku fa, a kan abin da sparse ya faɗa min cikin daƙiƙa biyu!

Abin da ya fi tsorata ni ma ba kifewar ba ce, duk wanda zai iya buɗe na'urar zai iya turo adireshin memorin kanel ta foyintan nan, memcpy ba ya tambayar kowa. copy_from_user ne ke duba iyaka, in shafin memorin ba ya nan ya dawo da kuskure. GCC, mai harhaɗa kod ɗin, kuwa ko a jikinsa, alamar __user ba ta dame shi ba, shi ya sa bai taɓa cewa uffan ba.

In kun ga irin gargaɗin nan, don Allah ku karanta layuka biyun da ke ƙasa, "expected" da "got", nan amsar take, ni tsallake su na yi. Daga baya na nemi __force da grep a sauran fayilolina na samu guda uku, biyu a kan __iomem ne (alamar memorin kayan na'ura) inda ya kamata in karanta da readl, ɗayan kuma har yanzu na kasa tuna dalilin da ya sa na saka shi.