Kyamarar da na hau Kilimanjaro da ita

Jama'a na dawo daga Tanzaniya, ƙafafuna har yanzu tsami suke, amma maganar kyamara ce ke cina tun a hanya.

Canon 5D Mark IV ɗina na bari a gida. Ita kaɗai giram 890 ce, in ka ɗora mata lens (gilashin gaban kyamara) 24-70 ta haura kilo ɗaya da rabi, a gida ba ka jin nauyin don mota ke ɗauka, kan dutse kuwa wuyanka ne. Sony a6400 na riƙe, giram 403, da lens guda ɗaya tal, 18-135.

Tun a filin jirgi na ga amfanin haka. Wani ma'aikaci fuska a murtuke, ko gaisuwata bai amsa ba, ya fizgi jakata ya ɗora a sikeli, kilo 7 ne ƙa'idarsu, tawa ba ta kai ba. Mutumin da ke gabana mai jaka cike da lens sai da ya zazzage kayansa a ƙasa yana magiya, wallahi ya ban tausayi. Kuma batir na ajiya dole a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda ka tura shi cikin akwati ba.

Sanyi shi ne ya ban mamaki. Batir da ka cika, da an yi sama sai ka ga yana zubewa, ga ƙananan kyamarorin nan dama akwai shan caji, ga babu lantarki a sansani. Jagoranmu, Allah ya saka masa, ya ba ni safarsa ta ulu ya ce in naɗe batiran in kwana da su a jikina, ya ƙi karɓar ko sisi. Ƙura ma akwai ta sosai a can sama, masu canza lens duk ta shigar musu ciki, ni ban buɗe tawa ba.

Inda ta gaza dai dare ne, buɗin lens ɗina f/3.5 ne, hasken da yake shigarwa ba ya kama taurari yadda nake so. Da zan koma zan ƙara ƙaramin lens mai f/1.8, wanda ya fi shigar da haske, shi kenan.

A Uhuru, ƙololuwar Kilimanjaro, mita 5,895, numfashi da ƙyar, hannu a ƙage, amma kyamarar na rataye a ƙirjina na ɗauka. Saukowa gwiwa ce ta sha wuya. A Moshi, garin da ke gindin dutsen, na kwashe hotunan, na yi barci.