Ranar da muka buɗe matatar ruwanmu

Asabar.

Umma ce ta fara ganewa. Da safe na kai mata shayi, ta kurɓa sau biyu ta ajiye kofin ta ce, "Ke, ruwan nan naku ya koma irin na da." Ban musa mata ba, don ni ma kwana biyun nan ina jin wani ɗan gishiri-gishiri a harshe. Sai dai a ido ruwan garau yake, shi ya sa na yi ta ɗage maganar. Ga kuma ƙaramin famfon matatar ya rage ƙarfi, kafin butar shayi ta cika sai mutum ya gaji da tsayuwa.

Matatar irin wadda ake sakawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ce, masu sayarwa suna ce mata RO. Shekara biyu da rabi ke nan da muka sa ta, saboda ruwan burtsatsenmu yana barin farin dasashi a gindin tukunya, kuma mun gaji da sayen fiya wata leda-leda.

Na lalubo ɗan ma'aunin nan mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa don a ga yawan gishiri da sauran abin da ya narke a cikinsa. Ruwan famfon tsakar gida ya nuna 420. Na matatar ya nuna 140. A cikin murfin kabad kuwa ga lambar da na rubuta da hannuna ranar da aka kafa ta: 24. Gabana ya faɗi. Na san 140 ba wata lamba ce mai ban tsoro ba, tunda ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta yarda har zuwa 500. Amma lafiyayyar matata tana cire aƙalla kashi 90 cikin 100 na abin da ya narke a ruwa, tamu kuwa tana barin kashi ɗaya cikin uku ya wuce. Kuma ma'aunin jimilla kawai yake faɗa, ba ya cewa ga abin da ke ciki. A unguwa irin tamu da ramin masai da burtsatse suke maƙwabtaka, wannan ne ya hana ni sukuni. Da ruwan nan nake dama wa autana koko.

Na kira ƙanena, shi ne mai hannun gyara a gidanmu. Ya rufe ruwa, ya zare wutar ɗan injin, ya buɗe famfon har ya daina ɗiga, sannan ya sa sifanar roba ya kwance gwangwanin farko.

Wallahi da na ga abin da ya fito sai da na dafe baki. Filtar nan fara ce sol kamar auduga lokacin da aka sa ta. Yau ta zama ja kamar ƙasar gini, tana yauƙi, a gindin gwangwanin kuma ga yashi ya kwanta kusan cokali biyu. Ya ce, "Yaya, yaushe rabon a canja wannan?" Na ƙirga da yatsu, wata goma sha huɗu. Alhali wata uku zuwa shida aka ce mana, gwargwadon dattin ruwan.

Filtocin gawayi guda biyu da ke biye da ita kuwa ba su nuna komai ba, kamar jiya aka sa su. Ashe a nan matsalar take. Aikin gawayin shi ne ya shanye kilorin kafin ruwa ya isa tantanin tacewa, wato ainihin abin da ke cire gishirin, don tantanin ba ya jure kilorin, cinye shi yake yi sannu a hankali. Gawayi kuma in ya ƙoshi ba ya canja kala. Nan take na tuna daminar da ta wuce, lokacin da ake fama da amai da gudawa, maigida ya riƙa zuba maganin kilorin a tankin sama. Don kare mu ya yi, kuma daidai ya yi. Gawayin ne ya riga ya gaji, mu ba mu sani ba.

Ya tafi Sabon Gari, bai dawo ba sai bayan azahar, da sababbin filtoci da sabon tantani daidai da tsohon. Na juya shi a hannuna: an naɗe shi ne kamar tabarma, rufi kan rufi, an rufe da shuɗiyar leda. Ƙofofinsa sun yi ƙanƙantar da ruwa ba ya ratsawa sai an matsa shi da ƙarfi. Yanzu na fahimci amfanin ɗan injin da ke gefe. Tankinmu bai fi mita 5 daga ƙasa ba, ƙarfin da yake bayarwa bai wuce 7 a ma'aunin matsin ruwa na psi ba, tantanin kuwa yana son 40 ko fiye.

Rashin ƙarfin famfon kuma dalilinsa daban. Farin tankin nan da ke tara tataccen ruwa yana da balan-balan na iska a ciki, iskar ce ke turo ruwan waje. Muka ɗaga shi muka ji nauyi alhali famfo ya bushe. Muka juye shi, muka ari famfon keken yara, aka ba shi iska har geji ya nuna 7.

Ana gama haɗawa aka ɗauke wuta. Sai bayan la'asar ta dawo.

Ruwan farko baƙi ya fito saboda garin sabon gawayi, dole a bar tankin ya cika a zubar. Ina zaune a ƙasa ina jira sai kunnena ya kama ƙarar siririn tiyon da ke zuba a magudana. Na san matatar tana zubar da ruwa, amma ban taɓa aunawa ba. Na zare tiyon na sa a bokiti, na tara tataccen a jug. Kafin jug ɗin ya cika, bokitin ya tara ninkinsa uku. Shekara biyu da rabi wannan ruwan yana bin kwata, a layin da kullum 'yan garuwa ke tura kura cike da jarkoki cikin rana, maƙwabta suna saye da kuɗinsu. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ba ruwan sha ba ne, don duk gishirin da aka cire a cikinsa ya taru, amma me zai hana shi goge-goge da wankin banɗaki? Na ce wa ƙanena kada ya mayar da tiyon. Ya huda murfin jarka mai lita 25 ya zura shi ciki.

Bayan isha'i na sake tsoma ma'aunin a ruwan da ya taru karo na biyu. Ya nuna 31, ya ce gobe zai iya ƙara sauka. Na rubuta lambar da ranar yau a murfin kabad, ƙarƙashin tsohuwar, na ƙara da watan da za a canja filtar farko. Na cika butar shayin Umma na ajiye don safe. Jarkar ta wuce rabi, sai na juye ta a baho kafin in kwanta.