Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Nawa Ne Kuɗin Marsandin Baba?

A makon jiya na tsaya a inda muka kammala lissafin abin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya bari, sai abu ɗaya da ya gagare mu sa wa kuɗi, wato Marsandinsa. Gida ana kwatanta shi da gidajen da ke kusa, kuɗin banki kuwa a rubuce suke. Amma motar da ta haura shekara goma a rufe cikin gareji, tun da idon Baba ya yi rauni ya ajiye tuƙi, kowa da yadda yake kallonta. Yaya ya ce dukiya ce mai yawa. Kawu ya ce 'yan gwangwan kawai za a kira su auna ta. Autarmu ta ce ita take so, ko nawa ne a cire daga rabonta. Maganarta ce ta sa dole a nemo farashin gaskiya, domin in aka sa kuɗi da yawa an cuce ta, in aka sa kaɗan an cuci sauran. Da yake lissafi ne aikina, Yaya ya dube ni ya ce, "Kai za ka yi mana wannan."

Yaya yana da hujjarsa. Ya ji labarin wani Bafaranshe mai suna Roger Baillon, wanda aka tarar da tsofaffin motocinsa kusan 60 a rumfuna, tsatsa ta ci da yawansu. A watan Fabrairun 2015 kamfanin Artcurial ya yi gwanjonsu a Paris, aka sayi wata Ferrari 250 GT California ƙirar 1961, wadda aka samu ƙarƙashin tulin mujallu, a kan sama da yuro miliyan 16. Labarin gaskiya ne. Abin da na ce wa Yaya shi ne, ba ƙurar da ke jikinta aka saya ba. Irin waccan Ferrari ba a ƙera ko 60 ba a duniya. Ta Baba kuwa Mercedes-Benz W123 ce, wadda aka fito da ita kasuwa a 1976 aka daina ƙerawa a farkon 1986, kuma an yi kusan miliyan 2.7. A cikinsu mai ƙofa biyu ba ta kai 100,000 ba, wagon wajen 200,000, duk sauran masu ƙofa huɗu ne irin tamu. Mota ce mai daraja da juriya, masu sonta suna nan a ƙasashe da dama, amma ba ta yi wuyar samu ba, kuma mai saye ya san haka.

Na je na ɗauko tsohon bakaniken Baba, Malam muke ce masa, wanda ya daɗe da barin aiki ya bar wa yaransa gareji. Da muka ɗaga ƙofa muka yaye tamfol, sai ga Yaya da sabon batir a hannu.

"Ɗana, ajiye batirin nan," in ji Malam.

"Malam, ai so nake mu ji ko za ta tashi."

"In ka murɗa mukullin nan yau, kana iya rage mata rabin kuɗinta kafin ka sake shi. Baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, saman injin a bushe yake. Abin da ke cikin tanki kuma ba fetur ba ne yanzu."

Ya buɗe murfin tanki ya ce in shinshina. Warin tsohon fenti ne ya bugi hancina. Ya ce fetur in ya daɗe a ajiye yakan zama danƙo, ya toshe duk inda ya bi. Motar Baba 230E ce ƙirar 1983, ba ta da kafireto, injekta take amfani da shi, irin na Bosch da ake kira K-Jetronic, wanda ke raba wa silinda huɗu mai ta wasu ƙananan ƙofofi masu tsananin kunci. Danƙo kaɗan ya shiga wurin, an shiga kashe kuɗi ke nan. Mota, in ji shi, tamkar mutum ce, in ta daɗe a kwance gaɓoɓinta ne ke sanƙarewa, ko da ba ta da wani ciwo lokacin da ta kwanta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai tsaya kan injin ba. Ya kwance fulogi huɗun, ya ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, ya ce a bar shi ya kwana biyu yana jiƙa, sannan ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila. Ya kira ni in leƙo. Ya bi wuraren sa jak guda huɗu ɗaya bayan ɗaya yana danna su da sukudireba. Uku sun ba da ƙarar ƙarfe mai lafiya, na huɗun, na baya ta hagu, bakin sukudireba ya shige ciki, garin tsatsa ya zubo masa a goshi. Daga nan ya tashi ya cire tsohon batir ya duba farantin da ke ƙarƙashinsa, inda ruwan batir ke cin ƙarfe. Ya zura yatsa a lungun da hinjin bonet ke shiga, ya zaƙulo busassun ganye da ƙasa, ya ce akwai 'yar kafar da ruwa ke fita a nan, in ta toshe sai ruwan ya nemi hanya zuwa cikin mota. Ya ɗaga kafet ta ɓangaren direba da ta fasinja, ya fitar da safayar taya ya duba raminta, ya shafa robar gilashin gaba da ta baya, duk sun tsage.

Sai ya zaro ɗan mayen ƙarfe ya naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ya riƙa ɗora shi a jikin motar yana zagayawa. Ko'ina yana mannewa, har ya iso saman tayar gaba ta dama, nan ya sulale ya faɗi, alamar ba ƙarfe zalla ba ne a ƙarƙashin fentin. "An taɓa shafa foti a nan," in ji shi. Umma da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce tabbas, wani mai babur ya taɓa gogar su a wurin tun muna yara. Ban da wannan wuri, fentin duka na kamfani ne.

Na tambaye shi me ya sa ya fi damuwa da jiki a kan inji. Ya ce injin irin wannan mota da giyarta ana samunsu a sauya, don an yi su da yawa. Jiki ne ba ya sauyuwa. Walda da fenti su ke cinye kuɗi, kuma tsatsar da ido ya gani a waje ta fi haka a ciki. Ya ce Baba ya yi sa'a daɓen garejin siminti ne kuma rufin bai yoyo, domin da a kan ƙasa aka ajiye ta, laimar da ke tasowa da ta gama da ita daga ƙasa. Tamfol ɗin ma bai ji daɗin ganinsa ba, ya ce yana riƙe gumi a jikin fenti.

Sauran abubuwan kowa ya san su. Birki ya kama, domin man birki yana shan ruwa daga iska, shi ya sa ake son a sauya shi duk shekara biyu. Tiyon lagireto sun bushe. Ɓeraye sun yi gida a bayan akwatin gaba sun ci wasu wayoyi. Tayoyin kuwa zanensu sabo fil, Yaya har yana cewa ga riba nan. Malam ya nuna mana lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, 2309, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2009. Masu yin taya da kansu sukan ce in ta kai shekara goma a cire ta ko ba ta taka ƙasa ba. Sai na rubuta tayoyi biyar a layin abin da za a kashe.

Takardu su ne suka ɗaga motar, kuma a nan Baba ya yi mana gata. Malejinta yana nuna tafiya kaɗan, amma Malam ya ce mai saye da ya san irin motar ba zai yarda da maleji shi kaɗai ba, don akwai wani ɗan haƙorin roba a cikinsa da kan karye, lambobin su tsaya cak mota tana ta tafiya. A aljihun ƙofa muka samu littafin sabis da rasit-rasit da Baba ya jera cikin ambulan, kowanne da kwanan wata da abin da maleji ke nunawa a ranar, suna hawa a jere har zuwa shekarar da ya ajiye ta. Lambar cesis ta fara da 123.223, wadda ita ce ta 230E mai ƙofa huɗu, lambar inji ta fara da 102.980, kuma duk sun yi daidai da abin da ke takarda. Mutum ɗaya ne ya mallake ta tun tana sabuwa, da injinta na asali. Na zauna da ambulan ɗin a cinyata na daɗe ina kallon rubutun hannun Baba, ban iya ci gaba da aikin ba sai washegari.

Daga nan aiki ya dawo kaina. Masu harkar tsofaffin motoci suna da ma'auni. Kamfanin inshora na Hagerty a Amurka yana kasa su daga 1 zuwa 4. A Jamus daga 1 zuwa 5 ne: 1 kamar yau ta fito daga kamfani, 3 tana da alamun amfani amma lafiya lau take tafiya, 5 ba ta tafiya sai an yi mata babban aiki. Motar Baba ta haura shekara 30, wanda shi ne mizanin da FIVA, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, ta sa kafin a kira mota ta tarihi. Jikinta da cikinta na lamba 3 ne. Amma muddin ba ta tashi ta taka ba, mai saye zai yi mata kuɗin lamba 5 ko kusa da haka, kuma ba zan ga laifinsa ba. Kamar yadda Malam ya faɗa, ba a cinikin biri a sama.

Na bi shafukan gwanjo irin su Bring a Trailer, inda ake barin hotuna da farashin da aka sallama mota a kai. Yaya ya yi ta turo mini tallace-tallace masu manyan kuɗi, ni kuma ina ajiye su gefe, domin abin da mai kaya ya nema daban, abin da aka biya daban, kuma tallan da ya yi wata da watanni ba a saya ba shaida ce cewa kuɗin ya yi yawa. Na ware masu ƙofa biyu da wagon da masu injin dizal da 280E mai babban inji, na bar 230E zalla, waɗanda aka sayar kwanan nan. Na cire mafi tsada da mafi arha. Na kuma lura farashin wata ƙasa ba ya aiki a wata, sai an cire kuɗin dako da haraji, in ma mai sayen a waje yake.

Don kowa ya fahimta, na mai da lissafin bisa ɗari. A ce irin motarmu mai lamba 3, tana tafiya, ta tashi a kan 100. Abin da Malam ya ƙiyasta na farfaɗo da ita, wato wanke tanki, famfon mai, birki gaba ɗaya, tayoyi, tiyo, robobi, wayoyi da waldar wurin jak, ya kama wajen 30. Mai sayen da zai ɗauke ta a yadda take zai ƙara cire wajen 20 saboda abin da bai gani ba a cikin inji da giya. Ke nan a tsaye kuɗinta 50 ne. In mu muka kashe 30 ɗin ta tashi lafiya, abin da zai rage mana 70. Yaya ya kawo shawarar a yi mata sabon fenti da sabbin kujeru ta koma lamba 2. Na lissafa masa, kuɗin aikin ya zarce abin da zai ƙaru a farashi, ga shi za a shafe fentin kamfani, wanda masu neman irin wannan mota suka fi so a kan sabo.

Ranar da muka zauna a ɗakin Umma na karanta musu lambobin, Kawu ya yi shiru, Yaya ya ce bai gamsu ba amma ba shi da abin da zai ja da shi. Autarmu ta ce, "Yaya, a ba ni a kan 70 ɗin, ni zan biya gyaran."

Na ce mata, "Ki dakata. In kika biya gyara kuma kika karɓe ta a 70, ke ce kika ɗauki kasadar injin ke kaɗai. Ba mu san abin da ke ciki ba tukuna."

Umma ta yanke cewa a fitar da kuɗin gyaran farko daga dukiyar kowa, a ga abin da injin zai yi, sannan a tsayar da magana. Washegari Malam ya dawo da babban sufana, ya ɗora a kan kusar gaban inji, ya jingina ƙarfinsa a hankali. Injin ya motsa, ya yi kusan rabin zagaye, ya cije. Malam ya sauke sufanan ya ce kada kowa ya taɓa komai sai ya buɗe murfin sama.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin abin da ya tarar a ƙarƙashin murfin, da dillalin da ya ji labarin motar ya iso da kuɗi a hannu kafin mu gama gyara.